FIP ta Paris: yadda take ɗinka jazz da kiɗan duniya, da inda ɗinkin ke sakin zare

FIP tashar kiɗa ce cikin tashoshin Radio France, gidan rediyon ƙasar Faransa, kuma tana watsa shirye-shiryenta daga katafaren ginin nan mai siffar zobe da ke bakin kogin Seine a birnin Paris. An buɗe ta ranar 5 ga Janairu 1971 da sunan FIP 514, saboda a kan mita 514 ta matsakaicin zango ake kama ta a lokacin. Jean Garretto da Pierre Codou ne suka tsara ta, kuma manufar farko mai sauƙi ce: a ɗebe wa direbobin da cunkoson motoci ya rutsa da su kewa, a saka musu kiɗa ba yankewa, wata murya mai taushi ta mace ta shigo jifa-jifa ta faɗi hanyar da ta toshe. Yau ana kama ta a kan 105.1 FM a Paris, da wasu biranen kamar Bordeaux da Nantes da Strasbourg da Marseille, sannan ta intanet a ko'ina. Babu tallar kaya a tsakanin waƙoƙi, surutu kaɗan ne, kuma har yanzu mutane ne ke zaɓen abin da za a ji, faifai bayan faifai.

Wanda ya buɗe babbar tashar FIP (tana da ƙanana a intanet) yana neman jazz zalla zai yi mamaki. A cikin awa guda zai iya jin busar saksafon ta New York, sai waƙar Faransanci ta shekarun 1960, sai kiɗan fim, sai garayar Larabawa da ake kira ud, sai ganguna daga Legas ko Habana. A takarda wannan haɗin gambiza ne. A kunne kuwa yawanci ba haka yake fita ba, kuma dalilin yana cikin daƙiƙa huɗu ko biyar ɗin da waƙa ke ƙarewa wata ta kama. A wannan gaɓar ce ƙwarewar ma'aikatan FIP take, kuma ita ce abin da ya kamata duk mai shirya kiɗa a rediyo ya zauna ya nazarta.

Ga yadda gaɓar ke aiki. Idan waƙa tana cin minti huɗu a matsakaici, awa ɗaya za ta ɗauki kusan waƙoƙi 15, wato gaɓoɓi 14 ke nan da sai an yanke shawara a kan kowacce. Akwai zaren da za a iya kamawa guda huɗu. Na farko shi ne saurin bugu. Waƙar jazz mai sanyi tana tafiya ne a kan bugu 60 zuwa 70 a minti, kiɗan afrobeat yana zagaye 100 zuwa 120, salon jazz mai sauri da ake kira bebop kuma yakan haura 200. Tsalle daga 65 zuwa 115 kai tsaye yana firgita kunne, amma daga 65 zuwa 130 yana zama lafiya lau, domin ninki ne: ƙafar mai sauraro tana ci gaba da taka ƙasa a wuri ɗaya, kiɗan ne kawai ya cika tsakani. Masu jera waƙoƙin FIP suna amfani da wannan dabara sosai, shi ya sa sau da yawa mutum yakan farga an bar Amurka an shiga Birazil ba tare da ya san lokacin da aka tsallaka ba.

Zare na biyu shi ne kayan kiɗa. Waƙa ta ƙare da sarewa ita kaɗai, ta gaba ta buɗe da sarewa, ko da ta farko sarewar ƙarfe ce ta Turai, ta biyun ta gora ce daga Indiya. Na uku shi ne gindin sautin da waƙar ta zauna a kai: idan waƙoƙi biyu sun zauna a gindi ɗaya, ko a gindi biyu masu maƙwabtaka, kunne yana karɓar ta biyun kamar amshin ta farko. Na huɗu kuwa ma'ana ce, kamar a jera waƙoƙi uku masu maganar ruwan sama cikin harsuna uku. Wannan na ƙarshe ya fi burge Bafaranshe fiye da baƙo, domin sai ka ji harshen kafin ka gane wasan da aka yi.

Abin da ya sa jazz ya zama ginshiƙin irin wannan aiki shi ne, tun asali kiɗa ne mai shiga gidan mutane ya fito da ɗa. A 1947 mai busa ƙaho ɗan Amurka Dizzy Gillespie ya ɗauki makaɗin ganga ɗan Kyuba, Chano Pozo, cikin ƙungiyarsa, daga nan gaurayen jazz da kiɗan Kyuba ya bunƙasa. A farkon shekarun 1960 mai busa saksafon ɗan Amurka Stan Getz ya yi aiki da mawaƙan bossa nova na Birazil. Randy Weston, makaɗin piyano daga Brooklyn, ya zo Legas a 1961, daga baya ya zauna a Tanja ta Maroko ya yi shekaru yana kiɗa da Gnawa, makaɗan gargajiya na Maroko masu asali daga kudancin Sahara. Mulatu Astatke ya yi karatun kiɗa a Ingila da Amurka, ya koma Addis Ababa ya ɗora ƙahoni da ganguna a kan matakan sauti biyar na Habasha. Tony Allen, wanda ya riƙe wa Fela Kuti ganguna, ya sha faɗin cewa ya koyi abubuwa da dama daga sauraron makaɗan gangunan jazz Art Blakey da Max Roach, kuma a Paris ya yi doguwar rayuwarsa ta ƙarshe har ya rasu a can a 2020. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gada ce da aka riga aka gina. Mai jera waƙoƙi da ke son ya tashi daga New York ya sauka a Habasha ba sai ya yi tsalle ba, sai ya bi ta kan Mulatu. Idan Legas ya nufa, Tony Allen na nan. FIP ta san waɗannan gadoji ciki da waje, kuma zamanta a Paris ya taimaka, tunda a can ne kamfanin Buda Musique ya sake fitar da tsofaffin faya-fayan Habasha daga ƙarshen shekarun 1990, a can kuma mawaƙa da yawa daga Mali da Senegal da Kamaru da Aljeriya da Labanon suke naɗar ayyukansu.

Inda aikin ke da wuya, kuma inda ake gane gwani, shi ne kiɗan Larabawa da na Turkiyya. Piyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida. Maƙamai, wato jerin matakan sauti na wannan kiɗa, irin su rast da bayati, suna da sautukan da ke faɗawa a tsakiyar waɗannan gidaje, inda piyano ba shi da maɓalli ko ɗaya. Saboda haka ne ma Nassim Maalouf ya ƙera ƙaho mai maɓalli huɗu a maimakon uku, wanda ɗansa Ibrahim Maalouf ke busawa a yau, don ya iya kamo waɗannan sautuka na tsakani. To, idan aka saka waƙar ud da ta ƙare a kan irin wannan sauti, aka kawo piyano a kanta nan take, ɗaya daga cikinsu zai yi kamar ya kauce, alhali babu wanda ya yi kuskure. Maganin shi ne a sa wani abu a tsakani da ba shi da tsayayyen sauti: waƙar da ta buɗe da ganguna zalla, ko muryar mai gabatarwa ta daƙiƙa goma, ko ma shiru na daƙiƙa biyu. A FIP sau da yawa a daidai irin wannan wuri ne muryar mai gabatarwa ke shigowa. Duk wanda ya lura da haka sau biyu ko uku zai gane cewa wurin maganar ma zaɓarsa ake yi.

Haka lamarin yake a ɓangaren taki. Yawancin jazz na Amurka yana tafiya ne a bugu huɗu-huɗu. Kiɗa mai yawa na Afirka ta Yamma yana tafiya a 12, inda uku da biyu ke hawa kan juna. A Turkiyya da ƙasashen Balkan akwai takin bakwai da na tara, a arewacin Indiya akwai zagaye mai bugu 16. Kuskuren da sababbin masu shiri ke yi shi ne su ɗora ƙarshen waƙa a kan farkon wata, su bar su suna gudana tare na daƙiƙa shida ko takwas kamar yadda ake yi a gidan rawa. Idan taki bakwai ya hau kan taki huɗu, sai ganguna su riƙa tuntuɓe da juna. FIP ba ta cika yin wannan ba. Tana barin waƙa ta kai ƙarshenta na gaskiya, amon ƙarshe ya mutu, sannan ta gaba ta kama. Wannan girmamawa ce ga makaɗa, kuma abu ne da tashoshin kasuwanci da yawa suka daina yi.

Akwai kuma batun ƙarfin sauti. Faifan da aka naɗa a Addis Ababa a 1972 da na'ura mai sauƙi, da faifan da aka naɗa bara a ɗakin naɗi na zamani, ba su zo da ƙarfi ɗaya ba. In ba a daidaita su ba, mai sauraro zai yi ta kai hannu yana ƙarawa yana ragewa. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'ida a 2010, mai suna R128, wadda ke auna ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa a tsawon shiri gaba ɗaya. Amma jazz yana da wata matsala ta daban: a waƙa ɗaya ana iya saukowa har sai numfashin mai busa kaɗai ake ji, sannan a tashi da ƙahoni goma a lokaci guda. Tashar da ta matse sautinta da yawa don ya yi kauri a mota tana kashe wannan hawa da sauka. A layin FIP na intanet mai inganci, tsohon faifai da sabo suna zuwa da ƙarfi kusan ɗaya, kuma wuraren sanyi suna nan da sanyinsu. Nan ma ta ci yabo.

Yanzu ga inda take da rauni, kuma raunin ya fito ne daga ƙarfin nata. Tashar da ke son kowace gaɓa ta yi santsi dole ta riƙa zaɓar gefen kowace al'ada da ya fi laushi. Daga Gnawa za ta fi ɗaukar wanda aka naɗa da piyano ko saksafon, mai minti biyar, ta bar asalin kiɗan dare wanda ƙarafunan hannu ke kaɗawa ba sassauci har tsawon lokaci. Daga afrobeat za ta fi ɗaukar gajerun waƙoƙi na zamani, domin waƙar Fela guda tana iya cinye minti 15 ko 20, wato kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na awar. Daga jazz kansa, ɓangaren nan mai zafi na shekarun 1960, inda saksafon ke kururuwa babu taki, da wuya ya samu shiga da rana. Sakamakon haka, wanda FIP ce kaɗai makarantarsa zai ɗauka kiɗan duniya duk mai ladabi ne, mai zama a gefe yayin da ake shan shayi ana hira. Gaskiya kuwa yawancin waɗannan kaɗe-kaɗe an yi su ne don biki ko ibada ko fushi da masu mulki, kuma suna da kaifin da ba ya jituwa da santsi.

Rauni na biyu shi ne ƙarancin bayani. Mai gabatarwa takan ambaci sunan waƙa ɗaya ko biyu daga cikin jerin da ya wuce, ta sanar da wani wasa da za a yi a Paris, ta yi shiru. Ba za ta gaya maka wane ne ya kaɗa bes, babban abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin murya, ba, ko a wace shekara aka naɗi faifan, ko me ya haɗa wannan da wancan. A jazz kuwa sanin wanda ya riƙe kowane kayan kiɗa rabin jin daɗin ne, domin ta haka ake bin sawun makaɗi daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Shafin tashar da manhajar Radio France suna rage wannan giɓi: suna nuna sunan waƙar da ke tafiya, da mai ita, da faifan da ta fito, kuma ana iya komawa baya a duba abin da aka saka a wani lokaci da ya wuce. Dabarar ita ce, da ka ji abin da ya kama ka, ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka bincika daga baya. Duk maganar da ake yi da Faransanci ce. Ga mai sauraro a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram wannan ba komai ba ne, ga na Kano ko Zariya kuma asarar ba ta da yawa, tunda maganar kanta kaɗan ce.

Rauni na uku ya shafi wace Afirka ake ji. Tasha irin wannan tana ɗiba ne daga abin da ya fito a faifai, ya samu mai rarrabawa a Turai, kuma aka yi masa rajistar haƙƙin mallaka yadda za a iya biyan masu shi ta hanyar hukumomi irin su SACEM, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu a Faransa. Kiɗan kora na Mali da Senegal ya daɗe da samun wannan hanya, haka kiɗan gita na Buzaye daga Kidal da Agadas. Kalangu da kotso da goge da kuntigi ba su samu irin wannan hanya ba, saboda haka da wuya ka ji su. Abin takaicin shi ne gadar tana nan a gine: a cikin kiɗan Gnawa na Maroko da stambeli na Tunisiya akwai waƙoƙin da masu su ke dangantawa da Hausawa, gadon mutanen da aka tsallakar da su hamada a zamanin cinikin bayi, kuma garayarsu mai tsirkiya uku 'yar'uwar molo ce ta kusa. Mai shirin da ya san wannan zai iya tashi daga piyanon Randy Weston, ya ratsa ta Gnawa, ya sauka a kan garayar Hausa cikin waƙoƙi uku ba tare da kunne ya ji an yi tsalle ba. Abin da ya hana shi ne ƙarancin faifan kiɗan Hausa da aka naɗa da kyau, mai cikakken bayanin masu shi.

Ban da babbar tashar, FIP tana da ƙananan tashoshi na intanet da aka ware wa salo guda-guda, ciki har da FIP Jazz da FIP Monde da FIP Groove da FIP Reggae. Nan ne mutane da yawa ke yin zaɓen tumun dare. Mai son jazz mai gauraye yakan tafi kai tsaye FIP Jazz saboda sunan, sai ya tarar da jazz mai kyau ƙwarai, tsoho da sabo, amma ba murya, kuma ba wannan tsallaka iyaka da ke sa babbar tashar ta zama abin da take. FIP Monde tana da kiɗan ƙasashe da yawa amma jazz ba shi ne kashin bayanta ba. Gaurayen gaske yana babbar tashar. Wanda kuma yake son ya koyi wani abu game da jazz, ya ji sunayen makaɗa da hira da baƙi, to ya nemi shirin jazz na yamma mai suna Club Jazzafip, wanda ke zuwa da ƙarfe 7 na yamma agogon Paris, na tsawon awa ɗaya. A kula da agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Paris daidai yake da na Najeriya da Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa tana gaba da awa ɗaya, wato shirin zai zo da ƙarfe 6.

A Paris ɗin akwai wasu tashoshi biyu da ya dace a gwada ta da su. TSF Jazz, a kan 89.9, jazz ce tsantsa, tana da bayani da hirarraki fiye da FIP, amma tana da talla. Radio Nova, wadda Jean-François Bizot ya kafa a 1981, ta taka rawa babba wajen gabatar wa Faransawa kiɗan Afirka da na sauran duniya, sai dai ta fi karkata ga kiɗan rawa na birni. A wajen jera waƙa bayan waƙa da kunnen basira, FIP ta fi su duka biyun.

Sai batun data, wanda shi ne zai yanke wa yawancin masu sauraro daga nesa hukunci. Radio France na fitar da tashar a matakan inganci daban-daban. Layi mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa, wato gigabait ɗaya zai kai ka kusan awa 17, awa biyu kullum na wata guda kuma zai ci kusan gigabait uku da rabi. Mai kilobit 192 yana cin kusan megabait 86 a awa. Mai kilobit 32 yana cin 14 kacal, kuma shi ne ke jure wa raunin sabis, amma ga jazz asararsa babba ce: farantan ƙarfen da ke kan ganguna sai su koma kamar ana watsa ruwa a kasko, kaifin tsirkiyar ud ya dushe. Mai 128 shi ne matsakaicin da ya dace. Wanda yake son ya riƙe linzamin datarsa da kansa sai ya buɗe manhajar VLC, ya shiga wurin saka adireshin layi, ya rubuta icecast.radiofrance.fr/fip-midfi.mp3, da https:// a gabansa. Idan sauti yana yankewa, a ƙara yawan abin da VLC ke tarawa kafin ya fara zuwa daƙiƙa biyar ko goma; za a ɗan jira a farko, amma katsewar za ta ragu sosai.

Kada a saurare ta da lasifikar waya. Sautin da ya fi ƙasa a babban bes na jazz yana kusan hertz 41 (ma'aunin girgizar sauti a daƙiƙa), ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta fitar da abin kirki ƙasa da 200. Tunda sau da yawa layin bes ne zaren da aka ɗinka waƙoƙi biyu da shi, mai sauraro ta bakin waya zai ji an canza waƙa amma ba zai ji dalilin ba. Abin sawa a kunne mai waya, ko da mai araha ne, ya wadatar. A kuma sani cewa ma'aikatan Radio France kan shiga yajin aiki, kamar na 2015 da ya kai kwana 28. A irin waɗannan ranaku tsarin shirye-shirye yakan rikice, a bar jerin kiɗa yana gudana babu mai gabatarwa. Wanda ya fara gwada tashar ya ji ba murya tsawon awanni da rana, ya sake dawowa bayan kwana biyu kafin ya yanke mata hukunci.